Kwana tara a Indiya tare da Hajiya: Delhi, Agra, Jaipur da bakin Ganga za su haɗu?

Ɗan Ƙofar Doka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san arewacin Indiya. Mu huɗu ne za mu tashi daga Zariya tsakiyar watan Janairu in Allah ya yarda: ni, da maiɗakina, da Yayana, da Hajiya mahaifiyarmu wadda ta manyanta kuma gwiwa na damunta. Bizar yawon buɗe ido muka samu. Za mu sauka Delhi ranar Laraba da safe, mu baro ta Alhamis ɗin mako na gaba da dare.

Ga abin da muka tsara: Alhamis mu zaga Delhi, Juma'a mu je Agra mu ga Taj Mahal, Asabar da Lahadi Jaipur, Litinin mu dawo Delhi mu shiga Lal Qila, wato jar ganuwar sarakunan Mughal, Talata Haridwar, Laraba Varanasi, garuruwa biyu na bakin Kogin Ganga, Alhamis mu dawo mu kama jirgi. Yaya shi ganuwa da fadojin sarakunan Mughal ne a ransa, ni kuma ina son in ga yadda mabiya addinin Hindu ke yi a bakin Kogin Ganga. Tsarin nan zai yiwu? Jirgin ƙasa ya fi ko mota? Me ake hana shiga da shi? Kuma Musulmi zai iya zuwa bakin kogin ba tare da ya faɗa abin da bai dace ba?

Malamin Tarihi, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tsarin nan sai an warware shi, domin ranaku biyu a cikinsa sun faɗa kan ƙofa a rufe. Taj Mahal ba a buɗe shi ga maziyarta ranar Juma'a, Lal Qila kuma an daɗe ana rufe shi ranar Litinin. Banda wannan, akan rufe Lal Qila na wasu kwanaki dab da 26 ga Janairu saboda bikin ranar jamhuriya, to ku shige shi tun farkon zuwanku. Sannan Haridwar da Varanasi ba hanya ɗaya suke ba. Haridwar tana arewa da Delhi, Varanasi tana can gabas, kimanin kilomita 800, kusan nisan Zariya zuwa Legas. Ɗaya za ku ɗauka.

Ga yadda nake gani. Laraba ku huta, agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi kuma jiki sai ya saba. Bayan azahar ku je hubbaren Sarki Humayun, wanda matarsa Bega Begum ta sa aka gina, aka kammala wajen 1572. Lambu ne shimfiɗaɗɗe da hanyoyin ruwa sun raba shi huɗu, Hajiya za ta iya takawa a hankali. Amma matakalar hawa dandamalin tana da tsayi kuma a miƙe take, kada a matsa mata, daga ƙasa ma ana ganin ginin sarai. A fara da shi yana da amfani: ƙubbar farar marmara a kan jan dutse, da lambun nan mai kashi huɗu, su ne tsarin da ɗan jikansa Shah Jahan ya kai ƙarshe a Taj Mahal na Agra.

Alhamis da safe Qutb Minar, hasumiya mai tsayin mita 72 da ɗoriya wadda Qutbuddin Aibak ya fara wajen 1199, Iltutmish ya ɗora. Ba a hawa cikinta tun turmutsutsun da aka yi a 1981, to awa ɗaya da rabi ya isa. Da rana Lal Qila, wadda Shah Jahan ya gina tsakanin 1639 da 1648. Ta Ƙofar Lahori ake shiga, a ratsa rufaffiyar kasuwa, a fito zauren da sarki ke sauraron talakawa, sannan na fadawa. Yaya ya sani tun yanzu cewa bangon ya fi cikin: Nadir Shah, sarkin Farisa, ya kwashe gadon sarautar nan mai siffar ɗawisu a 1739, Turawan Ingila kuma sun rushe gine-gine da yawa bayan boren 1857 suka kafa barikin soja. Juma'a ku bar ta ga Jama Masjid, babban masallacin Delhi, tana fuskantar Lal Qila. A je kafin sha biyu, kowace ƙofa tana da matakala talatin da wani abu.

Asabar ku tafi Agra ku kwana biyu. Ranar da kuka isa ku shiga ganuwar Agra, wadda a wurina ta fi ta Delhi nesa ba kusa ba domin fadojinta suna nan tsaye. Sarki Akbar, ɗan Humayun, ya fara ta a 1565 da jan dutse, bangon ya haura mita 20. Ta Ƙofar Amar Singh kaɗai ake shiga, kuma gangara ce mai hawa, ba matakala ba, sai a riƙe Hajiya. Babban ɓangare yana hannun soja. Ku nemi Musamman Burj, soron marmara mai kusurwa takwas da ke kallon Kogin Yamuna. A wannan ganuwa Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666, kuma daga soron ana hango Taj Mahal. Da la'asar ku ƙetare kogi zuwa hubbaren Itimad-ud-Daulah, wanda Nur Jahan, matar Sarki Jahangir, ta gina wa mahaifinta tsakanin 1622 da 1628. Ƙarami ne, ba cunkoso, kuma a nan za ku iya kusantar bango ku ga yadda ake sassaƙa marmara a dasa duwatsu masu launi a ciki har su zama fure.

Lahadi Taj Mahal yana cika maƙil da 'yan ƙasa, to ku ba Fatehpur Sikri wannan ranar, kusan kilomita 40 daga Agra. Akbar ya kafa ta a 1571 don girmama Shehu Salim Chishti, ya bar ta a 1585. Kashi biyu ce: fada, wadda ake sayen tikiti, da masallaci, wanda ake shiga kyauta a cire takalmi. Kada direba ya sauke ku a gindin Buland Darwaza, babbar ƙofar masallacin, matakalarta doguwa ce mai wuyar hawa, ga saƙar zuma a saman ƙofar. Ku fara da fada, ku shiga masallacin ta Badshahi Darwaza da ke gabas, ta nan ya fi sauƙi.

Litinin Taj Mahal. Mumtaz Mahal, matar Shah Jahan wadda aka gina shi dominta, ta rasu a 1631 wajen haihuwa ta goma sha huɗu, aka fara ginin a 1632, aka gama duka harabar wajen 1653. Ƙofar gabas ko ta yamma ake shiga, ta kudu fita ce kawai. Mota mai mai ba ta kusantar wurin, ana sauke mutum nesa ya hau ta lantarki. Farashin da aka daɗe a kai ga baƙo shi ne rupi 1,100, da ƙarin 200 ga mai son shiga cikin ƙubbar, kuma tikitin na awa uku ne, wanda ya wuce sai ya biya ƙari a ƙofar fita. Sauran wuraren da na lissafa suna tsakanin rupi 300 da 650, yaro ƙasa da shekara 15 kyauta. Layin bincike na maza daban, na mata daban. Abinci, alewa, sigari, ashana, caja, ƙafar kyamara da babbar jaka duk ana hanawa, wanda ya zo da su sai ya koma ajiya ya sake bin layi. Fasfo, waya da ƙaramar jaka kawai. Akan samu keken guragu a ƙofa, ku tambaya tun a wurin tikiti.

Ku tsaya a babbar ƙofa ku karanta rubutun da ya kewaye ta kafin ku shige: Suratul Fajri ce, Yasin kuma tana kewaye da manyan bakunan ƙubbar guda huɗu. Amanat Khan ne ya rubuta, ya riƙa ƙara girman baƙaƙen yayin da suke hawa sama don mai kallo daga ƙasa ya gan su daidai. Kaburbura biyun da ake gani a sama alama ce, na ainihin suna ɗakin ƙasa da ba a buɗewa sai lokacin tunawa da rasuwar Shah Jahan. Ba a ɗaukar hoto a ciki.

Da yamma ku koma Delhi. Talata da Laraba na kogi, Alhamis ku bar ta ba komai. Jaipur ta jira wata tafiyar.

Baban Khalifa, Sabon Gari:

Na yarda da Malam, kuma dalilin barin Alhamis ba komai shi ne hazo. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu farin hazo mai raɓa yana rufe duk kwarin Ganga da Yamuna daga dare har hantsi. Jiragen ƙasa na dare sukan makara awa biyar, wani lokaci goma, na sama kuma a ɗage na safe. Saboda haka kada ku ɗauki jirgin ƙasa na kwana zuwa Varanasi, kuma kada ku dawo Delhi ranar da za ku tashi gida. Ku sayi jirgin sama na tsakar rana, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce. Wannan hazon ne kuma ya sa shawarar da ake yawan bayarwa ta zuwa Taj Mahal da asuba ba ta aiki a Janairu: mutum sai ya tsaya a gabansa bai ga ƙubba ba, ga awa ukunsa na tafiya. Ƙarfe goma zuwa sha ɗaya ya fi.

Zuwa Agra ku ɗauki Gatimaan Express. Daga tashar Hazrat Nizamuddin yake tashi, ba tashar New Delhi ba, a nan mutane ke yin kuskure. Yana tashi ƙarfe 8:10 na safe, ya isa Agra Cantt cikin awa ɗaya da minti arba'in idan gari ya yi haske, ya dawo da yamma wajen shida saura, ba ya aiki Juma'a. Ana buɗe sayar da tikiti kwana 60 kafin tafiya a shafin IRCTC na sayar da tikitin jirgin ƙasa, kuma katin bankinmu yakan ƙi wucewa, to ku sa otal ɗinku ko wani da kuka amince da shi a can ya saya da sunayenku kamar yadda suke a fasfo. Ku duba tikitin: idan an rubuta CNF kujera ta tabbata, idan WL ne kuna layin jira, ba ku da wurin zama. Idan jirgi bai samu ba, mota ta babbar hanyar Yamuna awa uku zuwa huɗu ce, amma kada ku hau ta kafin hazo ya washe, haɗarin motoci da yawa a jere yana faruwa a kanta a wannan lokaci.

A bakin tasha duk wanda ya tare ku ya ce an soke jirginku, ko an rufe ofishin tikiti, ko otal ɗinku ya ƙone, ɗan kamasho ne mai son kai ku shagon da zai sayar muku da mota da tsada. Mai duba tikiti yana cikin jirgi, ba a bakin ƙofa ba. Haka direban da ya ce zai biya da ku masana'antar marmara "don kallo kawai". Keke Napep kuwa a yi ciniki kafin a hau, ko a kira ta Uber.

Takardu: katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki. Wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida a filin jirgi. Ku duba na Hajiya tun yanzu. Kowane otal sai ya cike takardar baƙo da fasfo da biza ya miƙa wa hukuma, kuma wasu ƙananan otal ba sa karɓar baƙin waje don gudun wannan, to a tabbatar kafin a biya. Ku riƙe kwafin fasfo da biza a aljihu kullum, ana yawan tambayar 'yan Afirka.

Abubuwa biyu kada su shiga jakarku. Na farko kilishi da dambun nama. Shigo da nama yana da doka, sannan Agra da Varanasi suna jihar Uttar Pradesh inda yanka saniya laifi ne, kuma zargin riƙe naman shanu kaɗai ya jawo wa mutane duka. Na biyu wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, haramun ce a can ba da izini ba, ana kama mutane a kanta a filin jirgi. Garin kunu, zuma da yaji ba su da irin wannan hatsarin. Ku canza kuɗi ku nemi takardun rupi 100 da 500, kada ku karɓi ta 2,000 domin an janye ta tun 2023. Soket ɗinsu mai zagayen rami ne, filoginmu mai baki uku faffaɗa ba ya shiga, a sayi mahaɗi. Da dare sanyi kan sauka zuwa digiri biyar ko shida, ɗakuna da yawa ba na'urar ɗumama, to rigar sanyi mai kauri da safa biyu-biyu. Iskar Delhi a hunturu tana da hayaƙi sosai, Hajiya ta sa takunkumi.

Maman Ilham, Tudun Wada:

Ɗan'uwa, tsakanin biyun Varanasi za ku zaɓa. Haridwar ta fi kusa, awa biyar a jirgin ƙasa, amma wurin da ake zuwa dominsa, Har ki Pauri, wurin wanka a bakin kogi, yana da tsohuwar dokar gari da ta taƙaita shigar wanda ba Hindu ba, kuma masu kula da wurin sukan tayar da ita. Mace da hijabi da namiji da hula ba za su ɓuya ba. Nama ma ba a sayar da shi a yankin, ruwan kuma ƙanƙara ne mai gudu, har sarƙoƙi aka ɗaura don masu wanka su riƙe. Varanasi kuwa, wadda mutanenta ke kira Banaras, tana da Musulmi masu yawa, su ne akasarin masaƙan alharinin garin, kuma abin kallon duka ana ganinsa daga cikin kwale-kwale ba sai an shiga wurin bauta ba.

Garin yana gaɓar yamma ta kogin. Matakalu na dutse, da suke kira ghat, sun haura tamanin, jere da juna tsawon kilomita shida ko fiye. Mota ba ta isa yawancinsu. Mai zuwa Dashashwamedh, babbar cikinsu, ana sauke shi a mahaɗar Godowlia ya taka cikin turereniya, ga babura ga shanu, ga kashinsu a ƙasa mai santsi. Wannan ba na Hajiya ba ne. Ku kama otal kusa da Assi Ghat a ƙarshen kudu, can mota na kaiwa kusa da ruwa kuma matakalar ba ta da yawa. Otal ɗin da ke tsakiyar tsohon gari, komai kyan hotonsa, sai an ɗauki kaya a ka ta lunguna. Daga filin jirgi zuwa gari kilomita 25 ne, amma a ba shi awa ɗaya ko fiye.

Talata da yamma ku ɗauki kwale-kwale naku ku kaɗai daga Assi wajen ƙarfe biyar saura. A yanke kuɗi tun a tudu, a faɗa a fili cewa na jirgin ne duka ba na kowane mutum ba, har ina za a kai, kuma za a jira a gama bikin fitilu a dawo da ku inda aka ɗauke ku. A biya bayan an dawo. Ku nemi rigar ruwa ga kowa, kada ku shiga wanda aka cika. Mutum biyu su riƙe Hajiya wajen shiga, ɗaya a tudu ɗaya a ciki, domin matakalar ƙarshe tana da gansakuka. Bikin, wanda suke kira aarti, ana yin sa kullum bayan faɗuwar rana a Dashashwamedh, wajen ƙarfe shida a hunturu, ya ɗauki kamar minti arba'in da biyar. Samarin malaman bautarsu suna tsaye a jere kan dandamali cikin tufa iri ɗaya, su busa ƙahon katantanwar teku, su kaɗa ƙararrawa da hannun hagu, da na dama kuma su juya turare, sannan fitilun tagulla masu hawa-hawa da wuta ke ci a kowane hawa. Jiragen suna haɗuwa su manne da juna a gaban wurin, yara masu sayar da shayi da furanni su riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

A nan amsar tambayarka take. Yaran za su miƙo muku ɗan kwanon ganye da fure da kyandir a ciki don a saka a ruwa. Wannan hadaya ce ga kogin, domin su a wurinsu Ganga abar bauta ce. Haka wanda zai zo da tire da fitila ya shafa muku jan gari a goshi, ko ya ɗaura zare a wuyan hannu, ko ya ba ku alewar da aka miƙa wa gunki. A sa hannu a ƙirji a girgiza kai, a ce na gode, ba faɗa ba wulaƙanci. Suna yi da sauri kafin mutum ya ankara sannan su nemi kuɗi, to a faɗa wa Hajiya tun kafin a fita.

Laraba da safe ku sake fita, amma ba da asuba ba saboda hazo, wajen takwas. Lokacin ne za ka ga masu wanka tsaye a ruwa har ƙugu suna ɗiban sa da tafi biyu suna zubawa suna fuskantar rana. Kada a ɗauki hoton mata masu wanka. Jirgin zai wuce wuraren ƙona gawa biyu, Harishchandra da Manikarnika, inda wuta ba ta mutuwa dare da rana, domin sun yi imani wanda aka ƙona a garin ya tsira daga sake dawowa duniya. Ana kawo gawa a makara ta gora an lulluɓe ta da ƙyalle mai ruwan lemo, a tsoma a kogi, a ɗora kan itacen da aka auna a sikeli. A ajiye waya gaba ɗaya a nan, makoki ne na mutane. Wanda ya zo ya ce yana tara kuɗin itace don gawar marasa galihu, ko zai hau da ku bene ku gani da kyau, tsohuwar damfara ce. Idan Hajiya ko maiɗakinka ba za su jure gani ba, a ce wa mai jirgi ya juya kafin Manikarnika kuma ya yi nesa da gaɓa a Harishchandra, domin ita tana kan hanya daga Assi.

Ruwan kada a sha, kada a yi alwala da shi, najasar gari na shiga cikinsa. Haikalin Kashi Vishwanath, wanda Sarauniya Ahilyabai Holkar ta gina a 1780, yana manne da masallacin Gyanvapi da ake shari'a a kansa, wurin cike yake da 'yan sanda, ku bar unguwar gaba ɗaya. A duba kalanda kuma: 14 ko 15 ga Janairu ranar babban wankansu ce, kuma duk watan ana taron Magh Mela a Prayagraj, jama'arsa na kwararowa Varanasi. Idan Talatarku ta faɗa kan irin wannan rana, ku musanya ta da Agra.

Ɗan Ƙofar Doka:

Allah ya saka da alheri, Malam, Baban Khalifa da Hajiya Maman Ilham. Mun cire Haridwar. Saura batun salla da abinci, kuma Yaya bai haƙura da Jaipur ba.

Alhajin Gyallesu:

Yaya yana da gaskiya, ni ban goyi bayan a cire masa Jaipur ba. Duk abin da Malam ya lissafa ginin Mughal ne a fili, Amer kuwa fadar sarakunan Rajput ce a kan dutse, wani abu ne daban. Ku rabu kwana biyu. Litinin bayan Taj Mahal Yaya ya ɗauki mota zuwa Jaipur, kilomita 240 ne, awa biyar, ya isa kafin dare ya yi nisa. Talata da safe Amer, kilomita 11 daga gari, wadda Raja Man Singh ya fara a 1592. Ya hau da ƙaramar mota ta bayan dutsen, ya bar giwayen nan, layinsu dogo ne kuma dabbobin a wahale suke. Ya ga ɗakin da aka lulluɓe bango da rufinsa da gutsattsarin madubi, sannan ya haura ganuwar Jaigarh da ke samanta inda babbar igwa take. Da rana cikin gari, wanda Sawai Jai Singh ya kafa a 1727: fadar sarki, da Jantar Mantar mai agogon rana na dutse tsayin mita 27. Hawa Mahal ta 1799 mai tagogi 953 daga titi ta fi kyau. Laraba ya shiga jirgin ƙasa ya same ku a Delhi. Hajiya ta bi ku Varanasi, Amer hawa ne da sauka.

Salla: alƙibla a can yamma take, ba gabas ba, a kula. Ku matafiya ne, ku yi ƙasaru, ranar zirga-zirga ku haɗa azahar da la'asar a otal kafin fita ko bayan dawowa. Kada a shimfiɗa darduma a lambun Taj Mahal ko a masallacin da ke cikinsa. Juma'a kawai ake yi a wurin, ita ma ta mazauna Agra ce, kuma an taɓa kama maziyarta saboda sun yi salla a ciki. Haka bakin titi, dandamalin tasha da bakin kogi a Uttar Pradesh, ana kai ƙara a kan wannan. Inda za ku yi hankali kwance su ne Jama Masjid ta Delhi, da ta Agra wadda Jahanara 'yar Shah Jahan ta gina a 1648 kusa da ganuwa, da masallacin Fatehpur Sikri. Yawancinsu Hanafawa ne, la'asar ɗinsu tana jinkiri fiye da yadda muka saba, kuma ƙananan masallatai da yawa ba su da sashen mata. A Jama Masjid masu tsaron ƙofa suna karɓar kuɗin kyamara daga 'yan kallo, ku ce salla kuka zo.

Hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325, tafiyar minti goma ne da ƙafa daga na Humayun. Kowa ya san inda malamansa suka tsaya kan ziyarar irin waɗannan wurare, ba zan shiga wannan ba. Mai zuwa ya rufe kai, mata ba sa shiga ɗakin kabarin, lungun kuma ƙunci ne. A nan da Fatehpur Sikri za a tare ku da mayafi da furanni da zaren ɗaurawa a taga, a kawo littafi a ce ku rubuta sadaka mai yawa. Ba dole ba ne ko ɗaya.

Abinci: a kan kowane kunshi akwai alama, ɗigo kore ba nama, ja ko ruwan ƙasa akwai. Ba kowane nama ne yankan Musulmi ba, akwai wanda ake sare kan dabba da sara ɗaya, to nama sai a unguwannin Musulmi: Matia Mahal a gaban Jama Masjid, Nizamuddin, Taj Ganj a Agra, Madanpura a Varanasi. Wanda suke kira na babbar dabba a can na ɓauna ne. A sauran wurare shinkafa da miyar wake da gurasa mai zafi sun wadatar. Ruwan roba mai hatimi kawai, ba ƙanƙara, ba ɗanyen ganye, ba 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye. Ku tafi da gishirin ORS da maganin Hajiya na kwanakin duka a kwalinsa tare da takardar likita, a jakar hannu. A Agra da Amer kada a riƙe leda ko ayaba a fili, birai na fizgewa kuma suna cizo, wanda suka ciza ko suka yakusa ya wanke wurin da sabulu minti goma sha biyar ya nufi asibiti a ranar don allurar haukan kare.